RA'AYINMU: Wa Ke Duba Rajistar Imel?

Duk ma'aikacin da ya yi zamani da rajistar sirri ya san irin tsaron da ake yi wa takardun hukuma. Fayil ba ya fita sai an rubuta lambarsa da sunan wanda ya karɓa da ranar da ya karɓa. Masinja ba ya miƙa wasiƙa sai an sa masa hannu a littafin kai saƙo. Ɗakin kuwa akwai wanda mabuɗinsa ke hannunsa, idan takarda ta ɓata an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Tsarin ya tanadi mutum guda wanda ba shi da wani aiki illa ya san abin da ya shiga da abin da ya fita.

A yau yawancin abin da ake ajiyewa a wancan ɗaki ya koma cikin imel. Takardar kwangila, da umurnin biyan kuɗi, da jerin albashi, da rahoton ladabtar da ma'aikaci, da shawarar da shugabannin kamfani suka yanke a ɓoye, duk suna bi ta wata babbar kwamfuta guda, wadda masana ke kira uwar garke. Ita ce ke karɓar wasiƙun ma'aikata baki ɗaya, ta rarraba wa kowa nasa, sa'an nan ta ajiye su shekara da shekaru. Wasu kamfanoni suna ajiye tasu a wani ɗaki mai sanyi cikin ofis, wasu kuma suna haya a wurin manyan kamfanoni irin su Microsoft da Google. Ko ta wace hanya aka bi, ita ma wannan na'ura tana iya rubuta rajista irin ta akawu: wane ne ya shiga, daga wace ƙasa, da ƙarfe nawa, wace wasiƙa ya buɗe. Tambayar da muke son shugabannin kamfanoni da na ma'aikatu su yi wa kansu ita ce, wa ke karanta wannan rajista? Mu dai a namu ra'ayi, a nan tsaron imel ya rataya, domin kwaɗo da mabuɗi kowa na iya saya, amma maigadin da ke farke shi ne ke wuyar samu.

A ranar 2 ga Maris, 2021, kamfanin Microsoft ya sanar cewa an gano ɓaraka huɗu a jikin Exchange, watau manhajar da dubban kamfanoni da hukumomi ke tafiyar da uwar garkensu da ita, ya kuma fitar da facin toshe su. Ashe tun watan Janairu wasu masu kutse, waɗanda kamfanin ya laƙaba wa suna Hafnium, suke shiga ta nan ba wanda ya sani. Da labari ya fita sai wasu gungun ɓarayin suka yi ca, kowa na rige-rigen shiga kafin a toshe. An ƙiyasta cewa a Amurka kaɗai abin ya shafi wurare aƙalla 30,000, galibinsu ƙananan kamfanoni da hukumomin garuruwa. A Turai kuwa har Majalisar Dokokin Norway da Hukumar Kula da Bankuna ta Tarayyar Turai ba su tsira ba. A watan Yuli na wannan shekara Amurka da Birtaniya da ƙawayensu suka ɗora laifin a kan mutanen da ke da alaƙa da Gwamnatin Sin, ita kuwa Sin ta musanta.

Akwai wani abu game da faci wanda shugabanni da yawa ba su gane ba. Faci yana toshe ramin da ɓarawo ya shigo, amma ba ya fitar da ɓarawon da ya riga ya shiga. Masu kutsen nan, da zarar sun samu shiga, sai su dasa wata 'yar ƙaramar manhaja wadda za ta zame musu ƙofar baya, ko an toshe ramin farko su dai suna da hanyarsu. Mai uwar garke ya manna faci ya koma ya yi barci, ya ɗauka ya gama. Abin ya kai har a watan Afrilu, 2021, hukumar bincike ta FBI ta nemi izinin wata kotu a Jihar Texas, ta shiga ɗaruruwan uwayen garke na kamfanoni masu zaman kansu, ta cire irin waɗannan ƙofofi da kanta, domin masu su ba su ma san da su ba. Idan hukuma ce za ta shigo gidan mutum ta cire masa abin da bai san yana nan ba, to, ai ba sai an faɗa ba, gidan ba mai duba shi.

Wanda ya ga wannan guguwa ta watan Maris zai ɗauka duk mai Exchange ya shafa wa gemunsa ruwa. Ina! Bari mu dubi abin da ya sami Hukumar Zaɓe ta Birtaniya, domin labarinta ya fi kusa da halin ofisoshin da muka sani. Bayan ɓarakar farko an sake gano wasu, Microsoft ya fitar da facinsu a watannin Afrilu da Mayu, 2021. Hukumar Zaɓen ba ta manna ba. A watan Agusta masu kutse suka shiga uwar garken imel ɗinta ta waɗannan ramuka da aka riga aka ba da maganinsu kyauta wata uku zuwa huɗu da suka wuce. Daga nan suka kai ga kwafin rajistar masu zaɓe, mai ɗauke da sunaye da adireshin mutane kimanin miliyan 40. Hukumar ba ta tantance cewa an shige ta ba sai watan Oktoba, 2022, watau bayan wata 14, jama'a kuwa ba su ji labari ba sai Agusta, 2023.

Da ofishin Kwamishinan Kare Bayanai na ƙasar ya kammala bincike, ya fitar da takardar tsawatarwa a watan Yuli, 2024, abin da ya bankaɗo ba wani sihiri a ciki. Ba a manna faci a kan lokaci ba. Ba a kuma tsara dokar kalmar sirri yadda ya kamata ba, har aka tarar ma'aikata da dama suna nan da kalmar da sashen kwamfuta ya ba su ranar da aka buɗe musu akwati, ko wata mai kama da ita. Adalci ne a faɗi cewa mai binciken bai sami shaidar an yi amfani da bayanan wajen cutar da wani ba, hukumar kuma ta gyara tsarinta daga baya. Amma wata 14 baƙo yana shiga yana fita cikin wasiƙun hukumar da ke kula da zaɓen ƙasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma wannan fa Birtaniya ce, inda ba a kukan ɗaukewar lantarki ko ƙarancin ƙwararru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to, ina ga bangon da aka kawo wa mai shi siminti har ƙofar gida ya bar buhun a ajiye?

Wani zai ce maganin abin shi ne a daina ajiye uwar garke a ofis, a koma haya wurin manyan kamfanoni, su manna facinsu da kansu. Akwai gaskiya a cikin wannan magana, musamman ga ƙaramin ofis da ba shi da ma'aikacin kwamfuta ko guda. Sai dai haya ba ta sauke wa mutum nauyin sa ido, kamar yadda ya bayyana a shekarar 2023. Tun daga tsakiyar watan Mayu na wannan shekara wasu masu kutse, waɗanda su ma aka danganta da Sin, suka riƙa shiga akwatunan imel da ke hannun Microsoft kansa. Ba su saci kalmar sirrin kowa ba. Wani mabuɗin sa hannu na kamfanin ne, na tun shekarar 2016, ya faɗa hannunsu, suka riƙa buga wa kansu takardun izinin shiga na jabu, na'urar kuwa tana karɓa kamar hatimin gaskiya. Abin ya shafi hukumomi fiye da 20 da mutane fiye da 500, cikinsu har da Sakatariyar Kasuwanci ta Amurka ta lokacin, Gina Raimondo, da Jakadan Amurka a Sin na lokacin, Nicholas Burns. Daga Ma'aikatar Harkokin Waje kaɗai an kwashe wasiƙu kimanin 60,000.

Abin lura shi ne wanda ya gano satar. Ba Microsoft ba ne, duk da dukiyarsa da ƙwararrunsa. Ma'aikatan tsaron kwamfuta na Ma'aikatar Harkokin Wajen ne suka lura a tsakiyar watan Yuni, suka sanar da kamfanin. Dalili kuwa, ma'aikatar ta biya kuɗin wani lasisi mai tsada wanda ke ba ta cikakkiyar rajista, mai nuna kowace wasiƙa da aka buɗe da kuma manhajar da aka buɗe ta da ita, sa'an nan ma'aikatanta sun tsara wa na'urarsu ta yi ƙararrawa idan ta ga baƙuwar hanya. Ƙararrawa ta kaɗa, aka kuma sami mutum a zaune da ya tashi ya duba. Waɗanda ba su biya wannan lasisi ba, ko sun so su duba ba abin da za su gani. Surutun da ya biyo baya shi ya sa Microsoft ya yi alkawari a watan Yuli, 2023, cewa zai ba abokan cinikinsa irin wannan rajista ba tare da ƙarin kuɗi ba, ya kuma ƙara wa'adin ajiye ta daga kwana 90 zuwa kwana 180. Kwamitin da Gwamnatin Amurka ta sa ya bincika, a rahotonsa na 2024, ya ɗora alhakin a kan jerin kurakuran kamfanin da ya ce da an kula da ba su faru ba.

Sai a gwada ofisoshin nan biyu. Ɗaya an shige shi ta ramin da shi ya ƙi toshewa, ya kwashe wata 14 bai sani ba. Ɗayan an shige shi ta hanyar da ba shi da ikon toshewa ko kaɗan, amma cikin wata guda ya kama sawun ɓarawo, har ya farkar da sauran.

Kada kuma wani manajan kamfani ya ce wannan rigimar manyan ƙasashe ce, shi me zai sa 'yan leƙen asiri su kula da shi. Yawancin masu shiga akwatin imel kuɗi suke nema, kuma abin kunya ne a faɗa, wasunsu 'ya'yan ƙasar nan ne. A watan Afrilu, 2018, babban jami'in kuɗi na Unatrac, kamfanin da ke dillancin manyan injinan Caterpillar daga Ingila, ya sami wata wasiƙa da ta kai shi wani shafi mai kama da na Microsoft sak. Ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, shi ke nan. Bisa takardar da FBI ta gabatar wa kotu, cikin mako biyu an shiga akwatinsa aƙalla sau 464, galibi daga Nijeriya. Ɓarayin suka riƙa aika wa sashen kuɗi umurnin biya da sunansa, haɗe da takardun neman biya na jabu masu ɗauke da tambarin kamfani, suka kuma saita akwatin yadda duk amsar da ta fito daga sashen kuɗi za ta ɓuya a wani lungu, mai akwatin ba zai gani ba. Kafin a farga kimanin dala miliyan 11 sun fita. An kama Obinwanne Okeke a Amurka a watan Agusta, 2019, ya amsa laifinsa, kotu ta ɗaure shi shekara 10 a watan Fabrairu, 2021.

Sau 464 cikin mako biyu, daga ƙasar da mai akwatin ba ya zaune! Duk wannan yana rubuce a rajista, shi ya sa masu bincike suka iya ƙirga shi daga baya. Da akwai mai dubawa, ko da an saita ƙararrawa, da tun kwana na farko an tambaya. Da an sa mabuɗi na biyu, watau lambar da wayar mai akwati ke bayarwa bayan kalmar sirri, da satar kalmar kaɗai ba ta wadatar ba. Da kuma wani akanta ya ɗaga waya ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ce a biya wannan?" da magana ta ƙare a nan.

To, ina muka kwana a nan gida? Ba sai an kafa kwamitin bincike ba, kowane ma'aikaci ya san amsa. Har yanzu ana aika takardun hukuma ta akwatin Yahoo ko Gmail na ƙashin kai, ko ta WhatsApp, alhali akwai adireshin hukuma na gov.ng, akwai kuma kamfanin Galaxy Backbone da Gwamnatin Tarayya ta kafa domin irin wannan hidima. Ranar da aka yi wa jami'in canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, takardun ofis sun bi shi gida, wanda ya gaje shi ya tarar da kujera ba tarihi. A wasu sassa kalmar sirri guda ce kowa ke amfani da ita, an rubuta a takarda an manna a jikin tebur, idan aka yi ɓarna ba yadda za a san hannun wa. Akwatunan waɗanda suka bar aiki, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, suna nan a buɗe. Mun daɗe muna kuka da ma'aikatan bogi a jerin albashi, amma ba mu taɓa ƙirga na cikin uwar garke ba, alhali kuwa akwatin da ba mai shi shi ne ɓarawo ya fi so, tun da ba wanda zai yi ƙorafi.

Tushen matsalar, a ganinmu, yana cikin yadda ake kasafin kuɗi. Sayen na'ura kwangila ce, akwai bikin ƙaddamarwa, akwai hoto a jarida. Kula da ita kuwa kuɗin yau da kullum ne: sabunta lasisi, albashin mai dubawa, horar da shi, man janareto, wurin ajiye kwafi. Wannan shi ne layin da ake fara yankewa idan kuɗi ya yi ƙaranci. Daɗin daɗawa, jami'in kwamfuta yawanci ƙaramin ma'aikaci ne, wanda ba zai iya shiga ofishin Babban Sakatare ko Manajan Darekta ya ce zai kashe imel na awa biyu don manna faci ba, balle ya ce wa mai gida kalmar sirrinsa ba ta da kyau. Manya kuma su ne suka fi ƙin mabuɗi na biyu, wai yana ɓata musu lokaci, alhali akwatinsu ne ke iya ba da umurnin fitar da miliyoyi.

Akwai wata rana da ya kamata kowane mai uwar garke ya sani. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Exchange na 2016 da na 2019, sai ga wanda ya biya kuɗin ɗan ƙarin wa'adi. Na 2013 kuwa tun Afrilu, 2023, aka sallame shi. Duk ofishin da ke kan ɗayan waɗannan ba tare da wani shiri ba, ko kuma yake kan manhajar da aka kwafo a kasuwa ba lasisi, to, ya sani idan an gano sabon rami ba facin da zai zo masa.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya ɗauki matakan tsaro da suka dace, idan kuma aka yi masa kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, ya sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin awa 72. Gyaran da aka yi wa Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 a shekarar 2024 shi ma ya rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana bakwai zuwa awa 72. Amma a lura da kyau, duka agogon biyu suna fara bugawa ne daga lokacin da aka gano kutsen. Wanda ba ya dubawa ba zai gano ba, wanda bai gano ba kuwa ba abin da zai kai rahoto. Muddin masu aiwatar da dokokin nan ba su riƙa tambayar shaidar sa ido ba, to, ofishin da ya rufe idonsa shi zai fi kowa tsabtar takarda, wanda ya yi ƙoƙari ya gano kuwa shi zai sha kunya.

Mun san akwai ma'aikatan da jin kalmar sa ido ke tayar musu da hankali, kuma suna da hujja. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin wasiƙun ɗan ƙasa, mun kuma san shugaban da zai so ya fake da tsaro don ya karanta abin da 'yan ƙungiyar ƙwadago ke rubuta wa juna. Abin da muke kira a duba shi ne ƙofa: shiga daga baƙuwar ƙasa, shiga da tsakar dare, kuskuren kalmar sirri sau ɗari a jere, sabon saiti da ke tura kwafin wasiƙu waje, sabon fayil da ya tsiro a jikin uwar garke ba wanda ya sa shi. Buɗe cikin wasiƙar ma'aikaci kuwa sai da dalili a rubuce da sa hannun jami'i fiye da ɗaya, kuma a sanar da ma'aikata wannan ƙa'ida tun ranar da aka ba su akwati. Shi kansa mai kula da uwar garke, wanda ke da ikon leƙa akwatin kowa, wajibi ne duk motsinsa ya shiga rajista. Rajistar kuma a riƙa kwafe ta zuwa wata na'ura dabam wadda ba shi da ikon gogewa, domin abu na farko da ɓarawo mai wayo ke yi, na waje ne ko na gida, shi ne share sawunsa. A kuma ajiye ta ta daɗe. Wanda ke ajiye rajistar kwana 90 kaɗai, idan aka yi masa irin ta Hukumar Zaɓen Birtaniya, ranar da ya farga ba zai ma san yaushe aka shigo ba.

Ga ɗalibanmu masu karatun kwamfuta a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, wannan aiki ne da ke jiran ma'aikata. Ba shi da armashi irin na finafinai, zama ne a gaban dogayen layuka ana neman guda ɗaya da ya saɓa wa sauran. Amma hannun da zai iya yin abin da ya kai Okeke kurkuku, shi ne zai iya kama mai yi, ya karɓi albashinsa na halal. Ya kamata makarantu su riƙa ba ɗalibai uwar garken gwaji su kafa, su manna mata faci, su karanta rajistarta, maimakon a yi ta zana ta a allo.

Sabo da haka muna kira ga Shugabannin Ma'aikata na Tarayya da na jihohi, da hukumomin gudanarwar kamfanoni, na Gwamnati da masu zaman kansu, su fitar da umurni a rubuce. Kowane wata jami'in kwamfuta ya miƙa wa shugaban ma'aikata ko na kamfani takarda shafi guda, mai nuna ranar da aka manna faci na ƙarshe, da yawan akwatunan da ke buɗe a gwada da yawan ma'aikatan da ke cikin jerin sunaye, da yawan waɗanda ba su da mabuɗi na biyu komai girman kujerarsu, da ranar da aka gwada dawo da wasiƙu daga kwafin ajiya, da sunan wanda ya duba rajista da abin da ya gani. Shugaban ya sa hannu. Takardar kuma ta shiga cikin abin da odita zai nema idan ya zo bincike, kamar yadda yake neman littafin kuɗi da baucocin biya.